Faifan ƙara wa fitilar kyamara nisa: yadda ya yi mini aiki a dajin Lekki

Duk mai ɗaukar hoton tsuntsaye a Legas ya san ba tsuntsaye ne suka yi ƙaranci ba, haske ne. A gandun dajin Lekki, wanda gidauniyar kare muhalli ta Nijeriya (NCF) ta kafa a 1990 a kan fili mai faɗin hekta 78, rana na iya take tsaka a waje amma ƙarƙashin itatuwa kamar magariba ta kawo jiki. Gilashina na jawo nesa 150-600mm ne, in na miƙe shi har ƙarshe bakinsa ba ya buɗewa fiye da f/6.3, wato haske kaɗan ke shiga. Sai dai a yi ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, har hoto ya cika da tsaki-tsaki. Wannan ne ya sa na sayi faifan tattara haske da maƙalin da ke ɗaga fitila sama.

Faifan kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Roba ce shafal mai haske, an zana mata da'irori siri-siri, da hannuwa biyu da ake ɗaure wa kan fitila da maɗauri. Dabarar ta Augustin Fresnel ce, Bafaranshen da ya ƙirƙiro irin wannan gilashi don hasumiyoyin haska wa jiragen ruwa hanya a shekarun 1820. Fitilar kyamara watsa haske take ko'ina, alhali gilashin 600mm ɗan wuri kaɗan yake gani, sauran hasken duk asara ne. Faifan sai ya tattaro shi ya cilla gaba. Sunan da aka fi sani shi ne Better Beamer, akwai kuma MagBeam na MagMod. A ɓangaren maƙali kuwa Wimberley da Really Right Stuff ne suka yi suna. Nawa duka biyun marasa suna ne, wani ɗan kasuwa ya yi mini odarsu daga waje.

Ƙarin hasken da ake samu wajen mataki biyu ne ko sama da haka kaɗan, wato ninki huɗu ko fiye. Tun da haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu duk sanda tazara ta ninka, lissafin shi ne fitilarka za ta kai kusan ninki biyu na inda take kaiwa a da. Ni dai abin da ya fi burge ni ba nisan ba ne. Da yake fitila ba ta zazzage ƙarfinta duka a kowane bugu, tana saurin sake cika, batir ma yana daɗewa. Wanda ya taɓa jiran fitila ta cika alhali tsuntsu na shirin tashi ya san darajar wannan.

Akwai wata cilakowa da na samu a kan reshe, bayanta sararin sama fari fat. Ba fitila, baƙin inuwa kawai na samu mai dogon baki. Da na kunna, na rage ƙarfinta da mataki ɗaya da rabi, sai ga layin gashin wuyanta ɗaya bayan ɗaya, ga ɗan ɗigon haske a ƙwayar ido, har ɗan 'ya'yan itacen da ta riƙe a baki ya fito da launinsa. Sirrin yana wajen ragewar nan. Fitilar nan gishiri ce a miya, in har mai kallo ya gane an sa ta, to ta yi yawa. Tsakanin ragin mataki ɗaya zuwa biyu nake zama. A kan balbela kuwa kashe ta nake gaba ɗaya, don farin gashinta ƙonewa yake a hoto, ba abin da za ka iya cetowa a kwamfuta.

Maƙalin nan da wasu ke gani kamar ƙarin kashe kuɗi, a ganina in ba za ka saye shi ba, bar faifan ma. Idan fitila na zaune a kan kyamara, tsuntsu kuma yana nesa, hasken kusan layi ɗaya yake bi da gilashi, ya shiga ido ya dawo. Sai ka ga idon tsuntsu ya zama fari ƙal ko ja, na biri kuma abin ban tsoro. Maƙalin yana ɗaurewa a ƙafar gilashi, ya ɗaga fitila sama sosai, a haɗa ta da kyamara da waya. Matsalar ido ta ragu ƙwarai, ko da yake a nesa can ba ta ɓacewa duka. Kuma in ka juya kyamara a tsaye, fitila tana nan a sama inda take.

To amma fa nauyi. Gilashi, kyamara, maƙali, fitila da batir huɗu, ga faifai yana kama iska. Riƙewa a hannu sai mai ƙarfin dantse, dole sai da abin ɗorawa mai ƙafa uku. Kuma hanyar cikin dajin ta katako ce a kan fadama, ɗaliban makaranta na wucewa komai sai ya girgiza. Gadar sama mai tsawon mita 401 kam kada ma ka fara, lilo take. Nawa maƙalin kusoshinsa kan sassauta, fitila ta ɗan sunkuya, haske ya sauka ƙasan tsuntsu. Kafin in fara aiki sai na buga hoton kututture da gilashin a 150mm in ga inda hasken ke faɗawa, in gyara. Ana saita zuƙowar kan fitila, wato faɗin da take watsa haske, a 50mm, kuma faifan na gilashin 300mm ne zuwa sama; ƙasa da haka sai ka ga tsakiya da haske, gefe duhu.

Wani dattijo mai ɗaukar hoton biki a Agege ya juya faifan a hannu ya ce, "Ɗana, wannan ai madubin ƙona takarda ne." Na ce, "Baba, gaskiyarka." Yadda yake tattara hasken fitila ya fitar, haka yake tattara rana ya shigar, kuma cikin ɗan lokaci zai narkar da fuskar fitila ko jikin kyamara. Da zarar na fito fili ko zan saɓa kayan a kafaɗa, zare faifan nake in sa aljihu.

In ka wuce saurin ƙiftawar da kyamara ke daidaitawa da fitila, galibi 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, dole ka sa fitila a tsarinta na sauri (high-speed sync), shi kuma yana cinye ƙarfinta sosai. Nan ne faifan ke rama maka wani abu. Da hunturu, ranar da ƙura ta sauko, hasken kan bugi ƙurar hoto ya yi dishi-dishi. Mujiya da sauran tsuntsayen dare ba na haska su, haka ma wanda ke kwance kan ƙwai.

Mai ɗaukar tsuntsayen bakin ruwa a fili, inda rana ta wadata, ya riƙe kuɗinsa. Mai shiga daji irin na Lekki ya saya, amma ya zuba kuɗin a maƙali mai ƙwari, don faifan ko na araha ma aiki ɗaya yake yi. Ya kuma sayi faifai biyu, saboda saurin karcewa yake a jaka.