Sharon a gonar tumatir: tarkon ƙamshi ko tarkon fitila?

Manoman tumatir na bakin kogin Galma da ke jihar Kaduna sun sha tambayata wane tarko za su kafa wa sharon. Ƙwaron nan, Tuta absoluta, wani ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne, ɗan dangin Gelechiidae, daga Kudancin Amurka. Tsawonsa bai wuce milimita 7 ba, ruwan toka ne mai ɗigon baƙi a fukafukai, amma shi ya sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir a 2016.

Tarkon ƙamshi roba ce mai ɗauke da ƙamshin ta-mace, a rataye ta bisa kwanon ruwan sabulu. Ba ya cin batir, kuma ba ya taɓa ƙwarin da ke amfanar gona. Sai dai maza kawai yake kamawa, macen da ta riga ta haɗu da namiji kuwa ƙwanta za ta ci gaba da zubawa. Bayan sati 4 zuwa 6 kuma sai an sake robar.

Fitila tana janyo maza da mata. Matsalarta, ba ta zaɓe, kowane ƙwaron dare faɗawa yake yi. Ga tsadar sola, ga ɓarayi.

Mai ƙaramar gona da ke son gane shigowar ƙwaron da wuri, ƙamshi ya ishe shi. Wanda sharon ya riga ya mamaye, kuma yake kwana a gona, fitila ta fi masa.