Badukun Birni da ke neman tsofaffin jakunkuna ya gyara

Akwai wani shagon dukanci a Birni, tsohuwar unguwar Zinder, cikin lungunan da ke bayan fadar Sarkin Damagaram, wanda nake kai wa aiki tun da na buɗe nawa shagon ɗinkin a Sabon Gari. Ba allo a ƙofa, ba fenti. Zaure ne da tabarma, da benci, da baƙin keken ɗinki irin na da wanda aka sa wa allura mai kauri don ya huda fata. Mai wurin dattijo ne, Baba nake ce masa, yana aiki da ɗansa da yara biyu masu koyo. Matan da nake wa ɗinki sun dame ni da tambayar inda nake samo jakunkunan da nake haɗa musu da atamfa, shi ya sa na ga gara in faɗi abin da na sani game da wurin, mai daɗin da marar daɗin.

Fatarsa mai kyau ce. Ta akuya ce, jimar gida, wadda aka jiƙa da toka aka cire gashin, aka jeme da bagaruwa, aka shafe da man gyaɗa. Jan launinsa na karan dafi ne, baƙin kuma kuloko. In ka lanƙwasa ta ba ta tsagewa, kuma tana ƙara laushi da ƙyalli in ta sha hannu. To amma fata mai kyau ba shi kaɗai ke da ita ba a garin nan, majema ɗaya ce kowa ke zuwa. Abin da ya sa nake tsallake shagunan da suka fi kusa da ni shi ne, duk lokacin da na leƙa sai na tarar da wani abu a rataye wanda babu shi a zuwan baya.

Duk mai sana'ar hannu ya san wahalar wannan. Ni kaina, rabin masu shigowa shagona waya suke miƙo mini, su ce Hajiya irin wannan nake so, hoton da suka gani a TikTok ko wata ta turo musu ta WhatsApp daga Kano. Kina ɗinka na mutane har ki manta yaushe rabon da ki zana naki. Dukawa kuwa tasu ta fi tsanani. A da suna da kayan doki, da kube, da layu, da Turawa masu yawon buɗe ido da ke tsayawa a Zinder kan hanyarsu ta Agadas suna kwasar tumtum da takalma. Turawan sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro, jakar roba ta Sin ta cika Kasuwar Dole, babbar kasuwar garin, a kan kuɗin da bai kai na fatar akuya ɗaya ba. Sai dukawa suka rabu biyu: masu maimaita abin da kakanninsu suka yi suna jiran baƙon da ba zai zo ba, da masu kwaikwayon jakar waje da fatar gida, abin ya fito ba namu ba, ba nasu ba.

Baba ya bi wata hanya, kuma hanyar gyara ce. Dukawa da yawa ba sa son a kawo musu tsohuwar jaka, aiki ne na dala ashirin ko arba'in, wato sefa ɗari ko ɗari biyu, mai cin lokaci. Shi ko da ta roba ce karɓa yake yi. Na taɓa ce masa, Baba wannan ai ɓata basilla ne. Ya ce, "Ɗiyata, mai saye ba ya faɗa miki abin da yake so, amma inda jakarsa ta yage tana faɗa." Yana jujjuya ta, ya duba inda hannu ya cinye, inda igiya ta tsinke, aljihun da aka cusa wa kaya har ya buɗe baki da wanda ba a taɓa sa komai ciki ba. Ya tambayi mai ita me yake zubawa.

Daga nan kayansa suke fitowa. 'Yan kabu-kabu sun yi ta kawo masa jakar ƙugu duk ta tsinke a wuri ɗaya, gefen da take gogar tankin moto. Sai ya yi tasa mai zama a ƙirji, da ninki biyu na kirgi a ƙasa, da ƙaramin aljihu na canji wanda ake buɗewa da hannu ɗaya. Mata 'yan kasuwa masu zuwa sari Kano ta Matamaye da Daura kuwa ya lura suna ɗaure sefa daban naira daban da robar ɗaure kuɗi, sai ya yi alabe mai ciki biyu, ɗaya jan baki ɗaya baƙi, don kada hannu ya ruɗe a gaban ɗan canji. Ina da irinsa, kuma ban san ranar da zan rabu da shi ba. Wanda ya fi burge ni shi ne gafaka. Wani ɗalibin Jami'ar André Salifou ya kawo jakar kwamfuta ta lalace, Baba ya dube ta ya ce ai wannan gafaka ce aka yi da leda. Ya ɗauki fasalin gafakar Alƙur'ani, marfinta da igiyarta da zanen da ake bugawa a fuska, ya faɗaɗa ta, ya sa auduga a tsakanin fata biyu. Yanzu malaman makaranta ma ita suke nema.

Lokacin da aka rufe iyaka da Najeriya, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, zif da maɓallan ƙarfe da zaren da muke samu daga Kano suka yi wuya, abin da aka samu kuma ya yi tsada. Mu teloli mun ji jiki. Shi sai ya koma wa tsohon rufi irin na alaben Buzaye, wanda kube ke zamewa a kan igiya ya rufe bakin, ya yi gidan waya da shi. Ba zif, ba abin da zai yi tsatsa ko ya cije da ƙurar hunturu. An buɗe iyaka, zif ya dawo, amma har yau wannan ya fi fita a shagon.

Ran Alhamis ba ya zama. Ranar babbar kasuwa ce, ranar da kowa ke jiran ciniki, shi kuwa sai ya bar wa ɗansa shago ya tafi yawo cikin Kasuwar Dole, yana kallon abin da mutanen ƙauye suka rataya, da yadda mai goro ke ajiye kuɗinsa. Wata Lahadin ya hau mota zuwa Miriya ya zauna wurin masu tukwane, akwai zanen bakin tulu da na gani ya koma gefen wata jaka. Akwai kuma kwandon guntayen fata a bayan ƙofa. Ran Juma'a bayan masallaci yaran nan biyu suna da izinin yin duk abin da ransu ya so da su, in an saya kuɗin nasu ne. Yawanci shirme suke yi, gaskiya. Amma maɗaurin makullin moto mai tuntu da ake gani hannun samari daga kwandon nan ya fito, kuma Baba ba ya ɓoye cewa na ƙaramin yaron ne. Wannan dabara na ɗauka na kai shagona, ƙyallayen da nake zubarwa yanzu 'yan matana ke wasa da su.

Sai dai mai son sabon abu kullum yana da nasa aibin, kuma a kan mai saye yake sauka. Baba yana gwaji da aikin mutane ba tare da ya tambaya ba. Na ba shi jakunkunan ƙawayen amarya, muka yi magana a kan hannu gajere, na zo na tarar ya sa doguwar igiya saƙaƙƙiya, wai ya ga ta fi dacewa. Ta yi kyau, ban musa ba, amma ba ita amarya ta zaɓa ba, kuma ni na sha kunyar. Haɗin fata da atamfa da ya fara yi ma bai yi ƙarko ba, bakin atamfar ya zare cikin 'yan watanni, ko da yake ya karɓa ya gyara bai karɓi ko dala ba. Jan fatar nan kuma in sabuwa ce tana zuba, kada ki rataya ta a kan farin leshi ranar da kika karɓo, ki goge ta da tsumma ki bar ta ta sha iska tukuna. Da damina tana ɗan wari.

Alkawari shi ne babbar matsalarsa. In Sallah ta matso, kayan hawa ne a gabansa, linzami da kayan sirdi na mutanen fada, kowa sai ya jira. In ya ce mako ɗaya, ki lissafa biyu. Ɗansa ne ke riƙe da waya, kuma saƙo yakan kwana bai amsa ba, gara ki taka da ƙafarki. Mota ba ta shiga lungun, sai moto.

Kuɗinsa ya fi na kasuwa, ba kuma ya son dogon ciniki. Alabe mai ciki biyu jikka 3, wato sefa dubu uku, na saya, jakar mata tsakanin jikka 8 da 12 gwargwadon ado, gafakar kwamfuta ta kai jikka 15. Mai neman jakar biki ta kwana ɗaya ta tafi Kasuwar Dole, za ta samu mai ƙyalƙyali a jikka 2. Wadda ke son abin da za ta riƙe shekaru ta je Birni tun kafin azumi, ta tafi da kayan da za ta riƙa zubawa a ciki ya gani da idonsa, ta kuma faɗa masa a gaban ɗansa cewa ba ta son a canza mata ko ɗinki ɗaya sai an kira ta.