Littattafan sihiri masu jarumai baƙar fata: wanne ya dace da yaronku?

Wanda duk ya duba sharhin masu karatu a kan littattafan yara na sihiri da kasada, irin waɗanda jarumansu baƙar fata ne, magana ɗaya zai yi ta cin karo da ita: da ma na samu irin wannan ina ƙarami. Magana ce da ta fito daga zuci, kuma tana da dalili. An daɗe ana buga wa yara labaran makarantun sihiri da dodanni, yaro baƙi bai wuce abokin jarumi ba, in ma an sa shi. Sai dai mai saye ya lura da wanda ke wannan yabon. Yaro ɗan shekara tara ba ya zama ya jera wa littafi taurari a intanet. Iyaye ne da malamai da ma'aikatan laburare ke rubutawa, kuma sau da yawa ƙishin da suka taso da shi suke kashewa. Abin da ya sa babba hawaye ba lallai ya hana yaro ajiye littafi a shafi na talatin ba. Saboda haka kafin a fitar da kuɗi, a auna yaron tukuna: shekarunsa, ƙarfin Turancinsa, tunda duk da Turanci aka rubuta waɗannan littattafai, da kuma iyakar abin da zuciyarsa ke ɗauka na tsoro.

Wanda ya fi tashe a cikinsu shi ne Amari and the Night Brothers na B. B. Alston, da ya fito a 2021. Amari Peters yarinya ce 'yar unguwar talakawa a Amurka. Yayanta Quinton ya ɓace, kowa ya fid da rai, ita ta ƙi. Tana binciken ɗakinsa ta tarar da wata jaka mai ƙara kamar agogo, a ciki akwai gayyata zuwa wata hukuma ta sirri da ke kula da lamuran halittun ɓoye. Tana isa can aka gano tana da wani irin sihiri da doka ta haramta, sai wariyar da ta baro a makaranta ta sake tarar da ita da sabuwar riga. Yabon da ake masa kusan iri ɗaya ne: labarin yana gudu, surorinsa gajeru, akwai ban dariya (har lif ɗin ginin hukumar kowane da halinsa da bakinsa), sannan akwai cin amana a ƙarshe da ke girgiza yara. Masu kushe kuwa cewa suke an sha ganin wannan tsari, yaron da aka raina ya shiga makarantar ɓoye ya zama zakara, har suna ta gwada shi da Harry Potter, sanannen labarin yaron da ya shiga makarantar sihiri. Gaskiya suka faɗa, amma kushen manya ne da suka karanta irinsa da yawa. Ga ɗan shekara goma komai sabo ne. Idan littafi ɗaya za ku saya, kuma ba ku san ɗanɗanon yaron ba, a ganina wannan ya fi wuyar ba da kunya. Yana da shafi wajen 400, na biyunsa ya fito a 2022, na uku a 2024.

Tristan Strong Punches a Hole in the Sky na Kwame Mbalia, na 2019, ya fi shi nauyi ta kowace fuska, kuma shi ne na fi so a ba yaro idan ya kai. Tristan ɗan Shikago ne, ɗan gidan 'yan dambe, amininsa Eddie ya rasu a haɗarin motar bas, shi kuma yana ganin laifin kansa. Aka tura shi gonar kakanninsa a Alabama ya huta, ba abin da yake riƙe da shi sai littafin da Eddie ke rubuta labarai a ciki. Daren farko wata 'yar tsana mai yoyon danƙo, Gum Baby, ta shigo ta sace littafin. Garin ƙwacewa ya naushi wata bishiya da aka rataya wa kwalabe, sai ƙofa ta tsage zuwa wata duniya inda jaruman tatsuniyoyin baƙaƙen Amurka, irin su John Henry mai guduma, ke zaune tare da Anansi da Nyame na labaran mutanen Akan na Gana. Yaron da ya san Gizo da makircinsa zai gane Anansi tun kafin a gabatar masa da shi. Littafin ya samu karramawar Coretta Scott King, wadda ake ba marubuta baƙaƙen Amurka na littattafan yara, a 2020.

A nan ne ra'ayin masu karatu ya fi rabuwa. Kusan kowa Gum Baby yake ambata, saboda tsiwarta da bakinta da ba ya mutuwa. Amma da yawa suna ƙorafin tsawo, don ya doshi shafi 500, da yawan sunaye, da yadda tsakiyarsa ke jan ƙafa. Akwai kuma abin da sharhi mai taurari biyar ba ya cika faɗa: dodannin labarin sarƙoƙi ne na ƙarfe da jiragen ruwa na ƙasusuwa, wato inuwar cinikin bayi ce aka mayar abin tsoro. Yaron da ba a taɓa ba shi wannan tarihi ba zai karanta ya wuce rabin ma'anar, wanda kuma ya gane zai zo da tambayoyi masu nauyi. Wannan bai rage darajar littafin ba, sai dai yana buƙatar babba a kusa. Yaron da ya yi rashin wani nasa kwanan nan, littafin na iya zame masa magani, yana kuma iya fama masa ciwo, ku kuka san ɗanku. An yi masa bugu mai zane-zane, wanda ya fi sauƙi ga mai gajen haƙuri da dogon rubutu.

Ga ƙanana, 'yan bakwai zuwa tara, Dragons in a Bag na Zetta Elliott, 2018, ya wadatar. Gajere ne, da hotuna, Turancinsa mai sauƙi. Jaxon yaro ne a birnin Niyok da uwarsa ta bari wurin wata tsohuwa mai faɗa, ashe aikinta kai jariran dodanni masu aman wuta duniyarsu. Doka biyu ce: kada a fito da su daga jaka, kada a ba su abu mai zaƙi. Duka biyun aka karya. Ƙorafin da ake yawan yi shi ne labarin ya tsaya bai ƙare ba, don haka ku sa a ranku za a nemi na biyu.

Idan kuna son labarin da ƙafarsa ke Afirka, biyu ne a gaba, kuma ba tsara ɗaya ba ne. Onyeka and the Academy of the Sun na Tola Okogwu, 2022, labarin yarinya ce a Ingila da gashinta mai yawa ya zame mata abin kunya, har ranar da ƙawarta ta kusa nutsewa a wurin ninƙaya, gashin ya miƙe ya ceto ta. Daga nan uwarta ta kai ta wata makaranta a Legas, cikin wata Najeriya ta ƙage da ta ci gaba da ƙarfin hasken rana. Iyayen 'yan mata ne suka fi yabonsa, kuma ba wuya a ga dalili ga duk wadda ta taɓa kuka a gaban mataji. Ya fi kama da labarin masu baiwa ta musamman fiye da na tsafi, ya kuma dace da 'yan tara zuwa sha biyu.

Akata Witch na Nnedi Okorafor, 2011, wanda kamfanin Cassava Republic ya buga da sunan What Sunny Saw in the Flames, ya fi zurfi, ya fi duhu. Sunny zabiya ce 'yar shekara 12, an haife ta a Amurka, tana zaune a Aba, ana tsangwamarta a makaranta. A duniyar masu sihiri da ta shiga, kuɗi daga sama yake faɗowa duk sa'ad da mutum ya koyi wani abu sabo, kuma na tagulla ya fi na zinariya daraja. Wannan dabara kaɗai ta isa yaro ya zauna ya yi tunani. Amma mugun da ke cikin labarin mai sace yara ne, yana kashe su don tsafi, abin da ba nesa yake da labaran da yara ke ji a zahiri ba. Ban ga hikimar ba wa wanda bai kai sha biyu ba. Masu karatu da dama kuma suna cewa an gaggauta ƙarshensa.

A yi hattara da Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi, 2018. Sunansa kan faɗo cikin jerin waɗannan, bangonsa kuma yana jan ido, amma na matasa ne: sama da shafi 500, da kisa, da azabtarwa, da soyayya. Ba na ɗan firamare ba ne.

Saura batun da iyaye masu kula da tarbiyyar addini ba za su so a tsallake ba. Littattafan ba ɗaya suke ba a nan. Amari da Onyeka da na Jaxon ƙage ne tsagwaronsa, ba su jingina da abin bautar kowa ba. Tristan Strong kuwa yana kiran jarumansa alloli, littafin Adeyemi ya ɗauko abubuwan bautar gargajiyar Yarbawa, na Okorafor cike yake da juju da iskoki da dodannin gargajiya. Wasu gidajen suna ɗaukar wannan tatsuniya su yi wa yaro bayani, wasu suna gwammace su jinkirta. Masu sharhi na ƙasashen waje ba su cika taɓo wannan ba, don ba damuwarsu ba ce, saboda haka tarin taurari ba zai amsa muku ba.

Game da bugu, mai bango mai laushi ya fi araha kuma ya ishi yaro. Kada a sayi jerin gaba ɗaya a tashin farko, ko da an yi ragi. Yawancin shagunan intanet suna barin a karanta shafukan farko kyauta. A buɗe wa yaron, a ce ya karanta shafi biyu da ƙarfi. Idan yana tuntuɓe a kowane layi, a koma wanda ya fi sauƙi, a ajiye wancan sai baɗi.