Na kai kukan albashina Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ga yadda muka kwashe

Albashina ya tsaya a watan Maris na 2023. Da fari ban damu ba, don lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, kowa yana kuka da banki, sai na ɗauka alat ne ya maƙale a hanya. Azumi ya kama, aka yi ƙaramar Sallah, abokan aikina suka karɓi na Afrilu, ni shiru. A nan na san ba laifin banki ba ne.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a wata hukuma ta gwamnati, shekara 14 ina riƙe da makullin sito. Ba zan faɗi sunanta ba, za ku ji dalili a gaba. An yi mana tantancewa a farkon shekarar. A takardar kama aikina an rubuta Muhammad, a BVN kuma Mohammed, sannan sunan mahaifina yana tsakiya a ɗaya, yana ƙarshe a ɗayar. Kwamfuta ta ce wannan ba wancan ba ne, aka jefa ni cikin jerin ma'aikatan bogi. Ni da nake buɗe sito ƙarfe takwas kullum, nake sa hannu a rajista, har shugaban sashe yana aikena sayen katin waya.

Wata shida ina zarya. Ofishin albashi su ce ka je wajen kwamitin tantancewa, kwamitin kuma an rushe shi tun da ya miƙa rahoto. Na rubuta wasiƙa a Afrilu, na sake wata a Yuni, bayan an cire tallafin fetur kuɗin mota ya ninka. Kullum amsa ɗaya: ana kan aikin, ka dawo mako mai zuwa. Babbar Sallah ta zo ta wuce ban yi layya ba. Da na tuntuɓi wani lauya, kuɗin buɗe fayil kaɗai da ya faɗa ya fi albashina na wata guda, wanda ba ma a biya ni ba.

Wani dattijo da muke sallah masallaci ɗaya, tsohon akawun kotu, shi ya ce da ni: "Yaro, ka je wurin masu karɓar ƙorafi mana. Ba a biyan ko kwabo." Na ce, Baba, EFCC kake nufi? Ya yi dariya ya ce ai ba sata aka yi maka ba, sakaci aka yi maka, kuma sakaci da nasa ofishin. Shi ya ba ni labarin cewa tun 1975 aka kafa Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, zamanin Janar Murtala, da doka ta 31 ta mulkin soja, bayan shawarar kwamitin Udoji da ya duba aikin gwamnati. Ya ce wanda ya fara shugabantarta shi ne Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule. Na girma ina jin muryar Ɗan Masani a rediyo, ban taɓa sanin ya yi wannan aikin ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Hedikwatarsu tana Abuja, amma kowace jiha da ofishinta da kwamishinanta, kuma Majalisar Tarayya ce ke naɗa kwamishinonin, ba gwamna ba. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali. Mutanen Kano su lura, ba ita ce hukumar karɓar ƙorafi da yaƙi da cin hanci ta jiha ba, waccan daban take. Wannan ta tarayya ce, amma tana da hurumin bincikar ma'aikatun tarayya da na jiha da ƙananan hukumomi, har da kamfanoni masu rajista.

Ranar wata Talata a Satumba na je, da takarduna a cikin leda. Aka haɗa ni da wata jami'ar bincike, babbar mace mai tabarau. Abin da ya fara burge ni, ta bar ni na yi magana har na gama. Wata shida ba wanda ya bar ni na kai ƙarshen zance. Da na yi shiru sai ta jawo takarda.

"Malam, wane wata aka fara riƙe albashin?"

"Maris, Hajiya."

"Na bana?"

"Na bana."

"Alhamdu lillahi. Ka kai maganar kotu?"

"A'a."

"Ka rubuta musu a rubuce, ko da baki kawai kake bi?"

Na zaro wasiƙun nan biyu. Ta ajiye ta Afrilu gefe, ta ɗaga ta Yuni tana duban kusurwarta. Ta Yuni tana da hatimin rajista da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ta Afrilu ba komai, don na miƙa wa masinja ne a bakin ƙofa. Ta ce, "Wannan ita ce shaidarka. Waccan kamar ba ka rubuta ba." Ashe tambayoyin nan uku ba hira ba ce, doka ce. Hukumar ba ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwa. Ba ta taɓa maganar da ke gaban kotu. Kuma sai ka fara bin hanyoyin da ke akwai a can inda aka zalunce ka, sun ƙi kula ka, sannan ta shiga. Akwai na huɗu, dole abin ya shafe ka kai da kanka, ba ka zo yi wa unguwa ƙara ba. Hatimin nan da na samu da sa'a, don ranar akawun rajista yana cikin raha, shi ya buɗe mini ƙofa.

Ta sa na rubuta ƙorafin a shafi guda, ta gyara mini wurare biyu inda na shiga zagi. Ta ce ba a bincikar fushi, ana bincikar kwanan wata. Na haɗa kwafin takardar kama aiki, da ta ƙarin girma, da takardar albashin Fabrairu, da bayanan asusun banki na wata shida, da takardar rantsuwa ta kotu kan sunan. Kuɗin fotokwafi kaɗai na kashe, shi ma a shagon waje. Aka ba ni lambar fayil. Kafin in tashi ta gargaɗe ni cewa dokarsu ta hana a fitar da ƙorafin da ke gabansu a bainar jama'a, kada in je in baza a Facebook. To kun ji dalilin da ya sa har yau ban kama sunan kowa ba, ko da yake an riga an yi zaman an gama.

Aikinsu a takarda yake. Suna rubuta wa hukumar da ake ƙara, su faɗi zargin, su nemi bayani, kuma doka ta ba wa wanda aka tambaya kwana 30 ya amsa. Wurin aikina suka yi shiru, kwana 30 ya cika. Aka tura tunatarwa. A nan na fara karaya, na ce wa dattijon nan, Baba, anya ba kyanwar Lami ka tura ni wurinta ba, ba cizo ba yakushi? Ya ce in yi haƙuri, takarda ba ta gudu amma ba ta ɓacewa in tana da lamba.

Gaskiyarsa. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, wasiƙata da wasiƙarsu ba hanya ɗaya suke bi ba. Tawa tana tsayawa a teburin akawu. Tasu sunan shugaban hukuma take ɗauke da shi, dole a buɗe mata fayil, dole wani ya rubuta a kanta ya tura wa wani, kuma ba ma'aikacin da ke son a ga takarda ta mutu a hannunsa da sunansa a jiki. Mutanen da suka yi wata shida ba sa amsa sallamata suka fara tsayar da ni a baranda: "Malam, ashe har can ka kai mu?" Wani ya faɗa da murmushi, wani ba murmushi.

A Nuwamba aka kira zama. Ni, da Hajiya, da wani babban jami'insu, da mutum biyu daga wurin aikina, ɗaya daga sashen ma'aikata ɗaya daga sashen kuɗi. Na yi zaton za a yi cacar baki. Ba a kai minti 40 ba. Na sashen ma'aikata ya buɗe fayil ɗina, sai ga wasiƙata ta Yuni a ciki, an rubuta a kanta da jan biro a gyara, tun Yuli. An ba da umarnin, fayil ɗin ne bai taɓa haura bene zuwa sashen kuɗi ba. Na sashen kuɗi ya rantse bai taɓa ganinsa ba, kuma na yarda da shi. Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye su ranar da za su gyara, suka ce kafin albashin Disamba, ta rubuta, ta karanta musu, kowa ya sa hannu. Ina kallon jan biron nan, wata huɗu yana kwance cikin kabad ina cin bashin masara.

Alat ya shigo a Disamba. Ina sito ina ƙirga kwalaye, na zauna a kan ɗaya na daɗe ban tashi ba.

Sai dai kada in zuga ku fiye da ƙima. Hukumar nan ba kotu ba ce. Ba ta yanke hukunci, shawara take bayarwa: a sake duba magana, a gyara ko a soke wani mataki, a ba da cikakken dalili. Tana iya kiran mutum ya bayyana, tana iya shiga ofis ta duba takardu, amma ba ta da ikon ɗebo kuɗi daga asusun kowa ta ba ka. Tarar da aka rubuta a dokar, yadda take a kundin dokoki na 2004, ga wanda ya ƙi ba da bayani, naira 500 ce ko ɗaurin wata shida. A 1975 naira 500 dukiya ce. Yau ko kwanon shinkafa a bakin tasha ba za ta saya ba. Kuma gyaran dokar ba sauƙi, don sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ɗaure ta tare da dokar NYSC da ta mallakar filaye, sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. An yi haka don kada wata gwamnati ta wayi gari ta rushe hukumar, amma katangar da ta kare ta ita ta hana a yi mata kwaskwarima cikin sauƙi. A ganina maganata ta yi kyau ne don ba wanda ya ƙi ni da gangan. Inda a ce wani babba ne ya ci kuɗin yana ɓoyewa, da wuya wasiƙa ta girgiza shi. Kuma wanda ke da niyyar zuwa kotu ya tambayi lauya da wuri, don akwai dokar kare jami'an gwamnati da ke ba da wata uku kacal a wasu ƙararrakin.

Ariyas ɗina, wato albashin da nake bi, na wata tara ne, Maris zuwa Nuwamba. An biya ni na shida a Fabrairun 2024, na sallami mai masara da mai gidan haya. Ukun da suka rage aka ce sai an saki kuɗi. Na koma na gaya wa Hajiya, ta ciro takardar da muka sa wa hannu, ta sake rubuta musu.

Ranar ce na tarar da wani tsoho a kan benci, da fayil da ya yi baƙi don riƙo. Kuɗin sallamarsa yake bi, ya ce tun 2016 ya bar aiki. Na tambaye shi ko yana da wata wasiƙa ta kwanan nan mai hatimi. Ya ce shi da baki yake bi, ai duk sun san shi. Na ara masa biro, na yago masa takarda daga littafina, muka zauna muka rubuta tare, na ce ya yi kwafi biyu, kada ya bar rajista sai an buga masa a ɗaya.