Wata takwas ina aiki da manhajar AI, ga abin da na gani

Tun da na fara biyan kuɗin wata na ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, wato AI, abokan aiki ke ta tambayata wai ya take, ta ci kuɗinta ko dai surutu ne kawai, to yau na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ni aikina haɗa rahoto ne da lissafin ƙarshen wata, sai rubuta bayanin taro da amsa wasiƙu, irin aikin nan da mutum zai wuni gaban kwamfuta har idonsa ya yi ja.

Maganar sauri kam ba ni da ta cewa. Rahoton da a da yake cin min kwana biyu yanzu kafin a tashi na miƙa wa oga, takarda mai shafi 60 zan ɗora mata ta tsamo min gundarin maganar kafin in gyara zama, in kuma lissafi ya cije min a Excel sai in faɗa mata abin da nake so da bakina ta rubuto min yadda zan jera shi. Wasiƙa kuwa ba a magana.

Amma tana ƙarya, kuma ba ta ƙifta ido in za ta yi. A wata na biyu ta haɗa min jimillar wani jadawali ba daidai ba, da na ce ta sake dubawa sai ta ba ni haƙuri ta kawo wata jimillar, ita ma kuskure. Wata rana kuma ta ba ni sunan wani bincike har da shekara da marubuci, na nema na rasa, ashe babu shi sam. Daga baya na gane dalili, ita an horar da ita ne da rubutu mai ɗimbin yawa ta riƙa hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, shi ya sa abin da ya yi kama da gaskiya da ainihin gaskiyar duk da murya ɗaya take faɗarsu. Ko a 2023 wasu lauyoyi a New York sun miƙa wa kotu shari'o'in da irin wannan manhaja ta ƙirƙiro musu, alƙali ya ci su tarar dala 5,000. Yanzu duk lambar da ta ba ni sai na bi ta da kaina.

Abin da ya fi tsaya min a rai ma wani ne daban. Akwai yaron da aka kawo min koyon aiki, yaro mai hankali wallahi, sai na wayi gari na ga ba ni da abin da zan ba shi, domin duk ƙananan ayyukan da ake ba ɗan koyo, jera lambobi, taƙaita takardu, rubuta daftarin farko, su ne manhajar ke gamawa cikin minti biyu. Ni kuwa da waɗannan ayyukan na koya, shekaru na yi ina tarawa ina kuskure ana dawo min da takarda kafin idona ya buɗe har na kai in na kalli jimilla jikina ya ba ni akwai matsala. Wannan idon ne ya kama kuskuren manhajar, to shi yaron a ina zai samo nasa? A farkon 2024 asusun ba da lamuni na duniya IMF ya ce kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya wannan fasaha za ta taɓa su, a ƙasashe masu arziki ma har kashi 60, mutane suka yi ta maganar waɗanda za a kora, ni kuma tunanina yana kan waɗanda ba za a ɗauka ba tun farko.

Hatta a kimiyya da ake ta yabonta abin haka yake. AlphaFold, wani tsarin AI na kamfanin DeepMind, ya yi hasashen siffar furotin, wato sinadaran da ke gina jikin halittu, sama da miliyan 200, aikin da a da ɗalibi kan yi shekaru a kan guda ɗaya, har Demis Hassabis da John Jumper na kamfanin suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024 tare da David Baker. Abin farin ciki ne sosai, musamman ga masu neman magunguna. Sai dai da me aka horar da shi? Da siffofi kusan 170,000 da masana suka gano ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji suna tarawa a wani rumbun bayanai da aka buɗe tun 1971. Gumin mutanen da suka koyi aiki da hannu ne.

Na sabunta biyan kuɗina, kuma duk wanda ya riga ya san aikinsa ina ba shi shawara ya gwada, amma kar ya ɗora mata sirrin ofis sai ya duba inda bayanan ke zuwa. Shi kuma yaron mun yi yarjejeniya, zai fara haɗa lissafin da kansa tukuna sannan ya ba manhajar mu kwatanta. Yana ɗaukar lokaci, oga ma ya yi ƙorafi sau ɗaya na roƙe shi ya bar mu. A rahoton watan jiya yaron ne ya gano manhajar ta lissafa wani layi sau biyu, ni na riga na duba ban gani ba.