Taswirar Nijar mai leda ta kasuwar Tahoua: abin dubawa kafin a biya

Da zarar watan Oktoba ya kawo kai, masu teburan kayan lakwal a kasuwar Tahoua kan rataya taswirori tsakanin kaye da bik, iyaye kuma su saya wa ɗan da zai shiga ajin farko na kolej, tunda mushen tarihi da labarin ƙasa zai fara aiki da ita tun makon farko. Wadda ta fi tafiya ita ce taswirar Nijar da aka lulluɓe da leda, mai ƙyalli, kowace jiha da launinta. A ido ba ta da makusa. A aji kuwa sai an tantance, domin ba duka ba ne na sabon bugu.

Ledar kanta ta cancanci kuɗinta. Ƙurar hunturu ba ta cin ta, tsumma mai ɗan laima ya isa, gara ma ba ta samun ta da sauƙi kamar takarda tsura. Sai dai a naɗe ta kamar tabarma, kada a ninke, don inda aka ninke nan ledar ke ɗagawa, ƙasa ta shiga. Alƙalamin farin allo yana gogewa a kanta. Wanda ba ya fita kuwa sai an sa alkol.

Babbar matsalar shekarun taswirar ne. Da yawa daga cikin waɗanda ake bugawa yau kwafin tsofaffi ne, an sake musu launi kawai. Jihohi takwas za a gani daidai: Agadez, Diffa, Dosso, Maradi, Tahoua, Tillaberi, Zinder da Yamai. Amma gundumomi sun ƙaru daga 36 zuwa 63 a shekarar 2011, kuma nan ne tsohuwar taswira ke tona kanta. Gwajin ba ya ɗaukar minti ɗaya: a duba cikin jihar Tahoua, a nemi Malbaza, Bagaroua, Tassara da Tillia. Idan Malbaza tana nan a matsayin gari kawai a cikin iyakar Birnin Konni, ko Tassara da Tillia suna cikin Tchintabaraden ba tare da nasu layin iyaka ba, to taswirar ta girmi ɗalibin da za a saya wa. A mayar wa mai tebur, a ce: "Malam, a canza mini da sabuwa." In akwai taswirar Afirka a bayanta, a duba ko Sudan ta Kudu ta fito, ita ma a 2011 ta samu ƴancin kai.

Sai ma'auni, wanda kusan ba mai dubawa. Masu bugu kan ɗauki taswira ƙarama su faɗaɗa ta, ko babba su rage, amma lambar da ke ƙasa ta zauna yadda take. Idan an rubuta 1/2 500 000, ma'anarsa santimita ɗaya kilomita 25 ne. Tsakanin Tahoua da Yamai, a miƙe ba ta hanyar mota ba, akwai wajen kilomita 375, ke nan ya kamata a samu kusan santimita 15. A tafi kasuwa da abin awo na santimita 30 a aljihu, a gwada. In an samu 22 ko 9, lambar ƙarya take yi, kuma duk lissafin nisan da yaro zai yi da ita ba zai fita ba, alhali shi bai yi kuskure ba. Shi ya sa taswirar da ke da ma'auni na zanen layi ta fi aminci: layin yana faɗaɗa ko ya ragu tare da taswirar.

Launin jiha-jiha kuma yana ɓoye ƙasar kanta. Ba a ganin duwatsun Ayar, ba a ganin tudun Adar da kwarin Maggiya, Tenere kuma ta zama rubutu kawai a kan launi ɗaya. Kogin Kwara, wanda ke ratsa yammacin ƙasar na wajen kilomita 550, yakan fito, amma Komadugu Yobe da su Dallol Bosso da Dallol Mawri sau da yawa babu su. Don darasin yanayin ƙasa wannan ba ta wadatar ba. Ana bukatar mai shuɗi don ruwa, kore don ƙasa mai kwari, ruwan ƙasa don tudu, da bayanin alamomi a gefe. Mai fuska biyu, gefe ɗaya na mulki, ɗayan na yanayin ƙasa, ita ce ta sayen gaske in an same ta.

Ga mai ratayawa a aji, ƙyallin ledar yana hana na baya gani idan ta fuskanci taga, don haka a sa ta bangon da haske ba ya dukansa kai tsaye, a ɗaure sama da ƙasa da siririn katako don kada zafi ya lanƙwasa ta. Ga ɗalibi a gida kuwa, ƙarama daidai girman babban kaye ta fi amfani, domin a kanta zai ɗora takardar kwafi mai shara-shara ya bi iyakokin ƙasashe bakwai da ke kewaye da mu: Aljeriya, Libiya, Cadi, Najeriya, Benin, Burkina Faso da Mali. Takardar tana zamewa a kan leda, sai a riƙe kusurwoyinta huɗu da salatif, a yi zanen da fensir mai tsini, a bar bik sai wajen rubuta sunaye.