Kafin ka canza waya: ka ba da ciko, ka gyara ta hannunka, ko ka sauya sheƙa?

Akwai wata durowa a ɗakin yayana da in ka buɗe ta za ka karanta tarihin wayar hannu a ƙasar nan. Cajar Nokia mai siririn baki tana nan a nannaɗe, kusa da ita BlackBerry mai madannai wadda batirinta ya kumbura, sai fararen igiyoyin caji huɗu ko biyar, wasu an ɗaure musu wuya da salatif. Shekara goma da wani abu ke nan bai riƙe wayar da ba iPhone ba. Ya fara da 5s, ya hau 7, yanzu 11 ce a hannunsa. Kwanan baya ya miƙo min ita, lafiyar batir tana nuna kashi 74 cikin 100, ya ce: "Kai da ka san harkar nan, in ba da ita in yi ciko ne, ko kuwa?"

Na ce: "Yaya, hanya uku ce a gabanka, kai ɗaya kawai kake kallo."

Hanyar da yake kallo ita ce ta zama a gidan da ya saba, ya ba da tsohuwa ya karɓi sabuwa. Ta biyu ya canza batir ya ci gaba da tafiya. Ta uku ya bar kamfanin gaba ɗaya ya koma Samsung, ko Pixel, ko ɗaya daga cikin su Tecno da Infinix. Wannan lissafin bai tsaya kan masu iPhone ba. Wanda ya shekara goma yana bin Samsung daga S7 zuwa S20 shi ma tambayar da zai yi wa kansa ke nan.

Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a harkar waya ba duk sabo ne wauta ba. Wani turken na gaske ne, kuma tsinke shi yana cin kuɗi. Mafi ƙarfi a ciki agogon hannu ne. Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, haka agogunan Samsung daga Galaxy Watch 4 zuwa sama ba sa haɗuwa da iPhone. Wanda ya sayi ɗayansu, ranar da ya sauya kamfani agogon ma sai ya sayar. AirPods suna da sauƙi, za su haɗu da wayar Android ka ji sauti, sai dai wasu abubuwan da suke yi da iPhone za su ɓace. Manhajojin da ka biya kuɗi a App Store ba sa bin ka zuwa Play Store, sai ka sake biya.

Sai babban abin da ke hana mutanenmu barci, wato WhatsApp. Ajiyar hirarrakin mai iPhone tana zama a iCloud, ta mai Android a Google Drive, kuma ɗaya ba ta karanta ɗaya. A da, sauya kamfani yana nufin ka yi ban kwana da saƙonnin shekaru, har da rasit ɗin cinikin da 'yan kasuwa ke turo wa juna. Yanzu an buɗe ƙofa: tun 2022 manhajar Move to iOS tana kwashe hirarraki daga Android zuwa iPhone, Samsung kuma tana da Smart Switch da ke jawo su daga iPhone ta igiya. Sharaɗin shi ne a yi kwasar tun ranar farko, lokacin da sabuwar wayar take fanko. Wanda ya yi mako yana amfani da ita sannan ya tuna, sai ya goge komai ya faro. Na ga wanda ya sayar da tsohuwar wayarsa da safe, ya sayi sabuwa da yamma, sannan ya zo yana tambayar yadda ake kwashewa. Daga ina za a kwashe?

Idan ka tara waɗannan ka ga ba ka da agogo, ba ka da manhajar kuɗi, hotunanka kuma suna Google Photos, to turkenka na zare ne. Abin da ya rage maka shi ne sabon yatsa da wurin da madannai suke, wannan kuwa mako biyu ya ishe shi warwarewa.

Ina yawan tuna wa masu rantsuwa da kamfani ɗaya abin da ke cikin durowar nan. Akwai lokacin da ba wanda zai yarda Nokia za ta faɗi, sai ga shi a 2014 ta miƙa sashen wayoyinta ga Microsoft. BlackBerry da samari ke musayar lambar BBM, manhajarta ta hira, saboda ita, a Janairun 2022 ta kashe hidimar tsoffin wayoyinta. LG ta daina ƙera waya a 2021. Huawei tana kan ganiyarta gwamnatin Amurka ta sa mata takunkumi a 2019, sabbin wayoyinta suka riƙa fitowa babu Play Store. Waɗanda suka rayu ma ba su daina canza dokar wasa ba. Apple ta sauya bakin caja a 2012 da iPhone 5, ta cire ramin iyafis a 2016 da iPhone 7, ta daina sa kan caja a kwali a 2020, sannan ta koma USB-C a 2023 da iPhone 15, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar caja iri ɗaya. Samsung ta bi sahu a 2021, S21 ta fito babu kan caja kuma babu wurin sa memori. Kowane kamfani ribarsa yake lissafawa, don haka ba laifi ba ne mai saye ya lissafa tasa.

To me za ka duba in kana kwatanta su? A wurina lambar da ta fi kyamara da girman sikirin muhimmanci ita ce shekarun da kamfani zai ci gaba da sabunta manhajar wayar. Ranar da aka daina, wayar ba ta mutuwa nan take. A hankali manhajojin banki da WhatsApp za su fara cewa ba sa tafiya da tsohon tsari, ramukan tsaro kuma su zauna a buɗe. Apple ta daɗe tana gaba a nan. A jerin iOS, tsarin da iPhone ke aiki da shi, iPhone 6s ta 2015 ta kai har iOS 15, XR ta 2018 ta tsaya a iOS 18, ita kuwa 11 ta 2019 ta samu iOS 26. Amma tazarar ta rufe. Google ta yi wa Pixel 8 alƙawarin shekara 7 a 2023, Samsung ta yi wa S24 irin wannan alƙawarin a 2024, har wasu daga cikin masu sauƙin kuɗi irin su A56 aka ba su shekara 6. Tsohuwar hujjar cewa Android ba ta daɗewa ta daina aiki a kan waɗannan. A lura, shekarun suna farawa ne daga lokacin da wayar ta fito kasuwa. Wanda ya sayi ta hannu mai shekara huɗu, ragowar ya saya. Ka raba farashi da shekarun da suka rage, sai ka ga wadda ta fi araha da gaske, kuma sau da yawa ba ita ce mai ƙaramin kuɗi a allon shago ba.

Inda zama da iPhone yake da riba a fili shi ne wurin sayarwa. Ka shiga Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja da iPhone mai shekara uku da wayar Android sa'arta, ka ji tayin da za a yi wa kowacce. iPhone ce za ta fi riƙe daraja, manyan Samsung su biyo baya, sauran kuwa farashinsu yana zubewa da sauri. Shi ya sa masu ciko suke ganin kamar ba sa kashe kuɗi. Sai dai cikon ya canza kama. Farashin ƙaramar iPhone sabuwa ya daɗe yana kusa da dala 800, amma dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024 bayan an saki naira ta nemi darajarta. Wayar ba ta ƙara tsada a Amurka ba, a aljihunmu ta ninka sau uku. Al'adar canza waya duk shekara biyu ta zamanin wancan canjin ce. Kuma in za a faɗi gaskiya, bambancin waya da wadda ta biyo bayanta ya zama ƙanƙani. Daga 11 zuwa 15 za ka ji a hannunka, daga 14 zuwa 15 sai ka nema.

Hanya ta biyu ita ce mutane suka fi rainawa, ni kuma ita na fi so. Yawancin wayoyin da ake cewa sun tsufa batirinsu ne ya gaji. Apple da kanta ta ce batirin iPhone 14 zuwa ƙasa an yi shi ne ya riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 500, na 15 kuma bayan 1,000. A zafin Afrilu, waya na kan dashbod ko tana maƙale a fawabank ana kallon bidiyo, ba ta ma kai hakan. Batir mai rauni yana sa waya nauyi. A ƙarshen 2017 Apple ta amsa cewa tana rage gudun tsoffin wayoyi masu gajiyayyen batir don kada su riƙa mutuwa da kansu, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci ta tarar yuro miliyan 25 saboda ba ta sanar da masu saye ba. Abin da mai saye zai ɗauka a nan shi ne sabon batir kan dawo da gudun. Kuɗinsa ɗan kaɗan ne in aka gwada da ciko. Matsalar tana wurin samun na kirki. Apple ba ta da shago nata na kanta a Najeriya, sai dillalan da ta amince da su, kuma daga XR zuwa sama in aka sa batirin da ba nata ba wayar za ta nuna saƙo a saiti cewa ba ta gane shi ba. Wayar za ta yi aiki, amma ranar sayarwa mai saye zai rage maka kuɗi a kansa. Kada ka yarda da batirin da kuɗinsa bai kai na cajar kirki ba, araha ba ta ado. Wannan hanyar ba ta da amfani idan an riga an daina sabunta wayar, ko ma'adanarta ta cika har kana goge hoto kafin ka ɗauki wani.

Su Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, ba na sa su a layin baya. Don kasuwarmu aka ƙera su: layi biyu, batir babba da zai kai ka dare ko ba wuta, kayan gyara a kowane lungu, ga cibiyoyinsu na gyara, wato Carlcare. Ɗan kasuwar da aikinsa kira, WhatsApp da tura kuɗi ne ba shi da dalilin cin bashi don wani tambari. Rauninsu biyu ne, shekarun sabuntawa galibi ba su kai na manyan ba, kuma ba sa riƙe farashi. Ka saye ta da niyyar cinye ta, kar ka sa ran ciko.

Wanda ya yanke shawarar zama da iPhone amma zai sayi ta hannu, kada ya bar shagon sai ya yi wasu abubuwa da idonsa. A goge wayar gaba ɗaya a gabansa, ya kunna ta daga farko ya sa nasa asusun. In ta nemi asusun iCloud na wani, ya ajiye ta ya tafi, duk rantsuwar da mai shago zai yi cewa "Alhaji, gobe za a cire". Ya sa layinsa ya yi kira, domin wasu an kulle su ga kamfanin layi na ƙasar da suka fito. Ya danna *#06# ya gwada lambar da ta fito da wadda ke saiti da ta jikin kwali. Ya duba ko an canza sikirin ko batir. Ya kuma san cewa iPhone 14 zuwa sama da aka yi don Amurka ba su da wurin sa sim, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba, kuma masu cin sim biyu na zahiri su ne na kasuwar Sin da Hong Kong. Ga wanda ke yawo da MTN a hannu ɗaya da Airtel a ɗayan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Rasit mai ɗauke da lambar nan ta *#06# kuwa dole ne, saboda wayar sata ba ta da alama a goshi.

Masu laftof ma lissafin bai bambanta ba: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma tsoffin kwamfutoci da yawa ba sa ɗaukar Windows 11, yayin da Apple ta fara barin injinan Intel tun da ta fito da nata injin, M1, a 2020. Ka tambayi shekarar ƙira kafin farashi.

Yaya dai batir ya canza. Mun zauna da daddare muka buɗe masa Google Photos, tunda Google tana ba da gig 15 kyauta, iCloud kuma 5, muka bar hotunan suna hawa har asuba. Agogon da yake ta sha'awa ya fasa saye, ya ce sai ya ga inda zai dosa in an daina sabunta 11. Duk wadda ya ɗauka a lokacin, iPhone ce ko Samsung, bakin cajarta USB-C ne, fararen igiyoyin nan kuma za su koma kusa da cajar Nokia. Na tambaye shi me ya sa ba zai zubar da su ba, ya ce in bar masa kayansa.